Inna da Ƙofar Ɗakin Jego

Ranar da aka kai Inna makwancinta, gidanmu bai ɗauke mutane ba, sai da aka ɗage dangar bayan rumbu aka shimfiɗa tabarmi har tsakar gidan maƙwabta. Daga Allah muka fito, can kuma kowa zai koma, wannan ba mai ja. Amma ni dai ban zaci tsohuwar da ta ƙare rayuwarta tana faɗa da matan Birnin Kudu za ta tara jama'a haka ba. Sun zo daga Kiyako, sun zo daga Fagam, waɗansu ko fuskarsu ban sani ba. Mace za ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Mun gode Allah," sai kuma ta gyara zama ta fara ba ni labarin ranar da Inna ta ci mata mutunci.

Inna uwar mijina ce. Ban taɓa kama sunanta ba tana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba.

Wata dattijuwa mai daddawa daga Kiyako ta sha kukanta har ya ishe ta, sannan ta share ido da bakin zane ta fashe da dariya. Ta ce, "Wallahi matar nan ta taɓa fizge mini ludayi ta wurga shi bayan danga, a gaban surukaina. Har aka yi girbi ban gaishe ta ba. Yaron da nake wa ɗura ran nan, shi ne mai gemun nan da ya kama makara ta gaba."

Maigidana ya ce a waje ma haka aka yi. Da liman ya ce duk wanda marigayiya ta ɓata wa rai ya yafe mata, sai tsohon wanzamin unguwarmu ya ce, "Malam, in haka ne sai a ja sahu, ni a gaba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da aka waiwaya sai aka ga wanzamin ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Mutum ɗaya ce ba ta zo ba, ita ce kuwa wadda idona yake nema tun daga ranar farko. Yaya ke nan, yayar mijina, 'yar farin Inna, wadda ke aure a Kwandiko ta ƙasar Gwaram. An aika mata tun gawa ba ta huce ba. Aka yi sadakar uku, shiru. Duk sallamar da na ji sai in ɗaga kai in duba, don akwai saƙo a wuyana. Ana gobe za ta rasu, Inna ta kama wuyan hannuna ta ce, "In 'yar Kwandiko ta zo, ki roƙar mini gafararta. Ni bakina bai iya ba." Na ce to. Har na miƙe sai ta sake jawo ni ta ce, "Amma kada ki ce mata na yi nadama, don ban yi ba. Kada ki yi mini ƙarya ina kabari."

Kun ji irin aiken da ta bar mini. A roƙo mata gafara, kuma kada a ce ta yi laifi. Wanda bai san Inna ba zai ce girman kai ne. Shi ya sa nake so a san ta, tun waɗanda suka gan ta da idonsu ba su ƙare ba.

Daga Gwaram aka kawo ni gidan nan. Kowace amarya tana jiran uwar miji ta gwada ta a bakin murhu ko a bakin turmi. Ni kuwa tambayar farko da Inna ta yi mini ita ce, "Kin taɓa yin tarin shiƙa?" Na sunkuyar da kai na ce an ce na yi tun ina ƙarama. Ta ce, "Madalla, an kawo mini mai amfani." Na kwana ina tunanin wane irin gida ne wannan da ake yabon amarya da tsohon ciwonta. Daga baya na gane. A ganin Inna, wanda ya taɓa yinsa da wuya ya sake yi da tsanani, saboda haka irinmu take ja mu riƙe mata yara in ciwon ya shigo gari.

Kunne ne da ita na ban mamaki. Tana zaune tana kaɗi, yaro ya yi tari a bayan katanga, ba za ta ko ɗaga kai ba za ta ce, "Wannan gyaɗa ya sata ta shaƙe shi." Wani ya yi, ta ce, "Wannan wankan kogi ne." Amma akwai wanda in ta ji sai mazari ya tsaya. Ta saurara, ta ce, "Shi ne," ta yafa mayafi ta fita, ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Galibi ma ba a kira ta ba.

Wanda bai taɓa ganin tarin shiƙa ba, Allah ya sa kada ya gani. Yana farawa ne kamar mura, hanci na zuba, yaro na wasansa. Sai a kwana biyu tari ya riƙa zuwa a jere ba numfashi a tsakani, fuska ta kumbura, ido ya yi ja, harshe ya fito. Can sai yaron ya ja iska da wata ƙara kamar zakaran da ke koyon cara, sannan ya amayar da duk abin da ya ci. Haka za a yi ta yi tun ana shuka har gero ya fitar da kai. Inna takan ce, "Ba ya zuwa da sunansa, da rigar mura yake shigowa." Takan kuma ce, "Babba ya yi tari ya tofar, jariri ya yi shiru ya tafi." Wannan ta biyun ita ce gaba ɗaya addininta bayan salla da azumi.

Ba ta da wani asiri. Ba ta haƙa saiwa a ɓoye, ba ta karɓar ko ƙwayar goro. In tarin ya taso wa yaro sai ta zaunar da shi a cinyarta, ta karkato shi gaba, ta tallafe goshinsa, ta sa yatsa da tsumma mai tsabta ta kwashe majinar da ta toshe masa baki. Da ya yi amai ya huta, sai ta ba shi kunu mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan, ta ce lokacin ne cikin yake karɓa. Wanda aka yaye takan lasa masa zuma, na goye kuwa nonon uwarsa kawai, a kai a kai. Rubutun malam ba ta hana shi, sai dai ta ce a ba yaro da bakin ludayi, kada a tuttula masa. Ƙoƙon mai tari daban, tabarmarsa daban.

Inda ake samun rigima da ita shi ne wajen abin da ta hana. Ta hana ɗura, wato a danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu don dole. Ta ce yaron da ke neman iska ba a toshe masa hanci. Ta hana hura wuta a ɗakin mai tari, ga shi matanmu in yaro ba lafiya abin da suka sani shi ne a rufe ƙofa a cika ɗaki da hayaƙin magani. Na ga ranar da ta shiga wani gida ta ɗebo kaskon turaren da hannunta ta kifar a tsakar gida, uwargidan tana ta salati. Wanzami kuwa, in aka ce yaro na tari, abin da ya sani shi ne a cire belu, wato ɗan naman nan da ke rataye a maƙogwaro. Inna ta ce ba a lokacin tarin shiƙa ba. Ya ce mata tun kakansa haka ake yi. Ta ce, "To ka je ka cire wa kakan naka." Shekara da shekaru in sun haɗu a hanya sai ya kauda kai, ita kuma ta gaishe shi da ƙarfi don ta ƙara masa haushi. Amma da jikansa ya kamu, ita ya aika wa.

Kada a ɗauka faɗa kawai ta iya. Akwai wata yarinya a maƙwabtanmu da ta dawo daga wankan gida da ɗanta na fari, ya kamu. Kun san yadda muke da ɗan fari: uwa ba ta kallonsa a gaban manya, ba ta kiran sunansa, ko ya faɗi a gabanta sai ta yi kamar ba ta gani ba. Yaron na shaƙewa a hannun kakarsa, uwar na tsaye a jikin bango ta juya kai, hawaye na zuba, ta kasa matsowa don surukai sun cika ɗakin. Inna ta kore su duka waje, har uwar mijin. Ta ɗora mata ɗan a ƙirji ta ce, "Riƙe abinki. Kunya ba ta da nono." Ta zauna da su har tarin ya lafa ya kama mama. Da ta fito, matan suka tambaye ta yaya, sai ta ce, "Kai, wannan yarinya da kunya take, ko kallonsa ta ƙi yi, ni na yi ta fama." Ta rufa mata asiri, yaron kuma ya rayu.

Sau ɗaya ta taɓa gaya mini inda abin ya samo asali, muna gurzar auduga mu biyu. Ta ce bayan ta haifi maigidana ta sake haifar wani namiji. Ranar barka 'ya'yan ƙanwarta suka zo da 'yar murarsu, wannan ya ɗauka, wancan ya sumbata, kowa na sa albarka. Bai kai arba'in ba. Ta ce, "Ko tarin kirki bai yi ba. Shiru ya yi a hannuna, leɓɓansa suka yi baƙi." Daga nan ta shiga kallo. Duk gidan da jariri ya tafi haka, sai ta bincika ta tarar akwai mai tari da ya ɗauke shi. Ta faɗi wannan tana ta murza ƙarfen gurza, ba ta dube ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

To, yanzu ga abin da ya shiga tsakaninta da Yaya.

Na haifi biyu kafin ɗana wannan da ke raye, duka ba su zauna ba. Mata sun fara kirana mai wabi a bayan ido, wata rana ma a gaban ido. Da na haifi na uku, damina ce, kuma tarin shiƙa yana cikin gari. Inna ta kifa turmi a ƙofar ɗakina ta zauna. Mai barka ta yi barkarta daga bakin ƙofa, yaro kuwa ko leƙe. Mata suka yi ta guna-guni. Wata ta ce, "Ɗan sarki aka haifa ne?" Inna ta ce, "Ɗan sarki yana da dogarai. Wannan ni kaɗai gare shi."

Ranar suna aka yanka rago da safe, aka raɗa wa yaro suna, gida ya cika. Wajen azahar sai guɗa ta tashi daga zaure: ga Yaya ta iso daga Kwandiko, tafiyar da sai an kwana a hanya. Tana kan jaki, ƙanin mijinta na ja, ga ƙwarya cike da gero, ga man shanu, ga zanen goyo da ta saƙa da hannunta. A bayanta jaririyarta ce da ba ta fara zama ba, babban ɗanta kuma yana biye a ƙasa. Na ji daɗi har raina, don Yaya tana sona, ita ce ma ta riƙa tare mini faɗa lokacin da nake baƙuwa a gidan. Ta wuce zaure, ta kai tsakiyar gida, mata na karɓar kaya. Sai yaron ya tsuguna ya kama tari. Ya yi, ya yi, ya yi, sannan ya ja wannan ƙarar.

Ina leƙe ta bakin asabari. Na ga Inna ta tashi daga kan turmi.

Ta ce, "Tun yaushe yake yi?"

Yaya ta ce, "Inna, ko gaisawa ba mu yi ba. Mura ce, ta kwana biyu."

"Ta bayan naki fa?"

"Ita ɗan atishawa ne kawai."

Inna ta ce, "Ba za ku shiga ba. Ku juya gidan kawunki, babu yaro a can, akwai ɗaki a share. Zan biyo ki yanzu da abinci."

Dangin mijin Yaya da ke aure a garin nan suna wurin, dangina na Gwaram suna wurin. Yaya ta yi 'yar dariya, tana zaton wasa ne, ta taka gaba. Inna ta buɗe hannuwa ta tare hanya. Aka kira maigidana daga waje, ya zo yana ba uwarsa haƙuri a hankali, ta ce masa ya koma wajen maza tun ba ta tuna masa wanda ya yi masa wanka ba. Kawu, ƙanin Inna, wanda kowa ke jin maganarsa, ya tsaya daga bakin zaure ya ce da yayar tasa, "A ji tsoron Allah. Yarinya ta ƙetare kogi don ta yi zumunci. Zumunci a ƙafa yake." Inna ta ce, "Tarin ma a ƙafa ya zo."

Yaya ta dubi uwarta, idonta ya kaɗa. Ta ce, "Ga gidan ubana, za a sauke ni a gidan wani, kamar bare?" Inna ta ce, "Yau dai haka ne." Yaya ta ajiye zanen goyon a kan ƙwaryar, ta kama hannun ɗanta ta juya. Aka bi ta har ƙofar gari ana roƙo, ta ƙi gidan Kawu, ta ƙi ko kurɓar ruwa, ta ce a kora jaki.

Inna ba ta ci naman sunan jikanta ba. Ta kira goggona da ta zo daga Gwaram ta ɗora ta a kan turmin, ta ja mata kunne, gari na wayewa ta bi bayansu. Kafin ta cim musu ruwa ya riga ya duke su a bayan Kiyako, kogi ya kawo, sun daɗe a gaɓa cikin jiƙaƙƙun kaya. Ta raka su har Kwandiko ta zauna jinya. Babban yaron ya sha wuya ya tashi. Jaririyar kuwa, duk abin da Inna ta sani ta yi mata, amma a cinyarta ta cika. Maigidana da ya je gaisuwa shi ya ji abin da Yaya ta faɗa a gaban mutane. Ta ce, "Kin zaɓi ɗan ɗanki, kin bar 'yar 'yarki." Ya ce Inna, wadda ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta mayar da goma ba, ta sunkuyar da kai ta yi shiru.

Ni zan faɗi nawa, ko da za a ce don ɗana ne. Jaririyar nan ta riga ta ɗauka wurin wanta tun kafin su baro gida, Inna ta ji haka a numfashinta. A wannan damina gidaje da yawa a unguwarmu sun binne jarirai, nawa ko tari ɗaya bai yi ba. Ina alfahari da matar da ta iya tsayawa a gaban 'yar cikinta, a gaban taro, ta ɗauki baƙin jini don jaririn da bai san tana yi ba. Ni ba zan iya ba, waɗanda suka zage ta ma ba za su iya ba. Amma ba zan ce Yaya ba ta da hujja ba. Ruwan ya duke su, kuma da ba a tare ta ba da ba ta kama hanya ran nan ba. Ko ruwan ne ya ƙarasa yarinyar, ko dama kwananta ya ƙare, wannan Allah kaɗai ya sani. Inna ma ba ta taɓa cewa ta sani ba.

Da ta dawo ba ta shigo gida ba. Ta sauka gidan Kawu ta zauna har ta tabbata maƙogwaronta lafiya, don ta ce mai jinyar tari ma yana iya ɗauko shi ya kai wa wani. Sai da na gama wankan jego sannan ta fara ɗaukar jikan da ta yi wa wannan yaƙin. Ta juya shi ta duba, ta ce, "Duk a kan wannan mummunan?" Ta riƙe shi har la'asar ta ƙi ba kowa.

Yaya ba ta yanke zumunci ba, ba ta da wannan rashin tarbiyya. Duk kaka tana aiko da gero da kuɓewa busasshiya, da salla tana zuwa gaida uwarta. Sai dai tun daga ranar ƙafarta ba ta sake wuce zaure ba. Nan za ta durƙusa, Inna ta fito da sandarta, su gaisa kamar surukai. "Kun zo lafiya?" "Lafiya lau." "Ya mutan gida?" "Suna gaishe ki." Shi ke nan, ta tafi ta kwana wajen dangin mijinta. Na yi roƙo, maigidana ya yi, Kawu ya yi har ya mutu. Na ce da Inna, "Kalma ɗaya ce fa, ki ce kin yi kuskure." Ta ce, "In na faɗa, gobe wata ta zo da mai tari a ce ai Inna ma ta janye." Na ce da Yaya ta duba girman uwa, ta ce, "An ce kada in shiga, ban kuma ji an ce in shiga ba." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka aka yi ta yi har ɗana ya yi gemu, Yaya ta yi furfura.

A ƙarshen rayuwarta idon Inna ya dushe, ƙafa ta ƙi, amma kunnen yana nan. Daga kan gadonta take aika mu: ku je gidan wane, wannan tarin ban yarda da shi ba. Matan unguwa kuma sun saba, yanzu ba wadda ke fushi in an ce ta yi barka daga ƙofa. Allah ya nuna mata tattaɓa-kunne, don matar ɗana ta sauka a gidan nan kwanaki kaɗan kafin Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne ɗan ƙanƙane, da hantsi ta cika, kalmar shahada a bakinta. Allah ya haskaka kabarinta, ya sa yaran da ta tallafa su zame mata inuwa ranar da babu inuwa, ya yafe mata kaifin harshe don taushin hannu.

Ana gobe sadakar bakwai, muna zaune bayan azahar, wata maƙwabciya ta shigo ta raɗa mini cewa ga 'yar Kwandiko can gindin tsamiyar ƙofar gida, ko zauren ma yau ta ƙi shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato har uwar ta mutu fushin bai mutu ba, sai ma ƙara ja da baya da ya yi? Na fita ko mayafi ban gyara ba, bakina cike da magana.

Na same ta zaune a kan saiwa, ta rame, ƙafafunta duk ƙurar hanya. Na fara tun daga nesa. Na ce, "Haba Yaya! Wadda kike gaba da ita tana ƙarƙashin ƙasa. Da wa kuma kike yi yanzu, da bango?"

Ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Kada ki matso."

Na tsaya, don muryar ba ta fushi ba ce.

Ta ce, "Jikana ne ke tarin shiƙa, shi ya hana ni tahowa, sai da na ga ya fara riƙe abinci. Ni nake goyonsa dare da rana, ga shi ni ma maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Wallahi na taho ne da niyyar in shiga har ɗakinta. A ƙofar gari aka ce mini akwai jariri a gidan." Ta juya kai gefe ta yi tari cikin mayafinta.

Duk maganar da na ɗebo ta zube. Na durƙusa a inda nake, tsakaninmu kamar tsawon tabarma uku, na yi mata ta'aziyyar uwarta. Sannan na ce akwai saƙo. Na faɗa mata kamar yadda aka ba ni, ban rage ba, ban sa masa gishiri ba: ta ce ki yafe mata, ta kuma ce kada in ce miki ta yi nadama, don ba ta yi ba.

Yaya ta yi wata dariya da hawaye ta ce, "Haka ta ce? To lallai ita ta aiko ki. Da kin ce ta yi nadama da na san ƙarya kike." Ta share fuska. Ta ce, "Na daɗe da yafe mata. Bakin ne irin nata. Kullum in na durƙusa a zauren nan sai in ce yau zan faɗa, sai in ga ta ɗaure fuska, ni ma in ɗaure, in ce sai baɗi." Kuka ya ci ƙarfinta. Ga ni ga ta, ba halin in rungume ta.

Da ta natsu ta ce in kira mata ƙaninta da liman. Suka zo suka tsaya inda na tsaya. Ta faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa ta yafe wa mahaifiyarta duniya da lahira, ita ma tana roƙon a roƙa mata Allah ya yafe mata shekarun da ta ɓata. Liman ya ɗaga hannu aka shafa. Matan da ke ciki suka ji, suka kwaso tabarmi suka fito, ban da mai jego da masu goyo. Aka zauna daga nesa, wannan ta yi mata gaisuwa ta tashi, waccan ta yi. Ran nan zaman makokin Inna a waje aka ƙarasa shi.

Da rana ta yi sanyi ta miƙe, ta ce ba za ta kwana a garin ba, akwai mara lafiya yana jiranta. Aka ɗora ta a jakinmu, aka haɗa ta da ɗan rakiya. Har sun fara tafiya ta sa aka tsaya, ta waiwayo ta kira ni.

Ta ce, "Kada ku ba kowa ɗakinta. In tarin nan ya sake ni zan dawo, a ciki zan kwana."

Na koma na share ɗakin, na shimfiɗa sabuwar tabarma.